Dabinon da ya haukata rundunar Faransa

Duk wanda ya bi wadi tsakanin Sabha da Gat yana iya cin karo da wata ciyawa mai kaurin ganye da fure ruwan shuni. Larabawa na ce mata sakaran, Abzinawa kuwa afalahlah. 'Yar uwar zaƙami ce, wanda muke kira haukata-yaro, kuma dafinsu iri ɗaya ne. Tana da tarihi.

A watan Disamban 1880 Kanar Paul Flatters ya taso daga Wargala, a Aljeriya, da mutum casa'in da 'yan kai. Faransa ce ta aiko shi ya duba inda za a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Sahara zuwa kudu. Abzinawan Hoggar ba su yarda ba. Ran 16 ga Fabrairun 1881 suka tare shi a rijiyar Bir el-Garama, suka kashe shi, suka kora raƙuman ayarin.

Mutum hamsin da wani abu suka tsira, suka juya arewa a ƙasa, ga yunwa ga ƙishirwa. Bayan kamar mako uku, kusa da Amgid, sai waɗanda ke bin sawunsu suka miƙo musu dabino. Ashe an cuɗa shi da afalahlah. Ba a jima ba sojoji suka rikice: wannan na ihu, wancan na yage tufafinsa, wani na harbi ba ya sanin wa yake harbi. Kaɗan ne suka koma Wargala, kuma ba Bafaranshe ko ɗaya a cikinsu. Sai da aka shekara ashirin da ɗaya, a 1902, kafin Faransa ta ci Hoggar da yaƙi.

To, ciyawar tana nan inda take, haka zaƙami a bayan gari. Alamun wanda ya ci su ne baki ya bushe ƙamas, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi babu gumi, zuciya na bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita, mutum na zance da waɗanda ba sa wurin. Kada a ce aljanu ne a zauna jira. Kada a ɗura masa madara ko manja, yana iya shaƙewa. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a raba shi da wuƙa da bakin rijiya, a garzaya asibiti da ragowar abin da ya ci.

Makiyayi, ka nuna wa yaranka ita tun kafin su fita kiwo. Allah ya tsare hanya.