Kundin waƙa: yadda ake sayen kiɗa a Matamaye, daga faifai zuwa katin salula

Kundin waƙa, abin da Faransawa da Ingilishi duka suke kira albam, shi ne jerin waƙoƙin da mawaƙi ya tara ya fitar a lokaci guda da suna guda. A fadodin matasa na Matamaye da Kance, inda ake kwana ana dafa shayi, gardama a kan wane kundi ya fi wane ba ta ƙarewa. Amma in ka tambayi masu gardamar yaushe rabon su da sayen waƙa da kuɗinsu, sai a yi shiru. Wannan shi ne halin da kasuwar kiɗa take ciki a yankin.

Inda abin ya samo asali

Tsawon kundi na'ura ce ta yanke shi. Faifan garmaho na farko ba ya ɗaukar fiye da minti 3 zuwa 4 a kowace fuska. Babban faifai, wanda ya fito a Amurka a 1948, ya kai wajen minti 20 a fuska, kuma daga nan ne aka saba da kundin minti 40. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya zo da minti 60 ko 90. Faifan sidi ya biyo baya a 1982.

A ƙasar Hausa garmaho kayan masu hali ne: sarakai, manyan ƴan kasuwa, ma'aikatan gwamnati. Talaka rediyo yake saurare, ko Muryar Sahel ko tashar Kaduna. Kaset ne ya shiga kowane gida, daga ƙarshen shekarun 1970, don yana da araha, yana aiki da batir, yana jure ƙura, kuma in zaren ya tsinke ana liƙa shi a ci gaba. Sama da duka, ana iya kwafar shi. Mai rikoda biyu ya zama kamfani.

Matamaye tana kan hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi Daura ta shiga Kano, saboda haka kayan kiɗanta daga kudu suka fi zuwa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ita ce ta daɗe tana rarraba kaset, daga baya faifan bidiyo da na sidi, ga ƴan sari na arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Direbobi da ƴan kasuwar da ke kai rake da dabbobi su ne suke dawowa da sabon abin da ya fito. Shi ya sa kunnen mutumin Matamaye ya fi sabawa da mawaƙan Katsina da Kano a kan na Yamai, abin da ke ba ma'aikatan da aka turo daga babban birni mamaki har yau.

Gardamar kanta

Dattawa suna da nasu: Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan Anace na ƴan dambe, da Haruna Uji mai gurmi, da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015. Mutanen Damagaram kuma ba su yarda a rufe lissafi ba a sa Ma'azu Ɗan Alalo ba, makaɗin fadar sarkinsu. Mata suna da Barmani Coge.

Sai dai a nan akwai abin lura. Waɗannan makaɗa ba su yi tunanin kundi ba. Waƙa suke yi wa mutum, a gabansa, a gidan sarki ko wurin biki ko filin dambe, kuma waƙa guda tana iya canzawa daga wannan dare zuwa wancan. Ko da kamfanoni irin su EMI suka buga wa wasunsu faifai a Najeriya, yawancin abin da ya iso hannun jama'a kaset ne da mai shago ya haɗa da kansa, ya rubuta suna da biro. Don haka in mutum biyu suna musu a kan “kaset ɗin Shata” da ya fi daɗi, sau da yawa ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Bakandamiya kaɗai tana da ɗauka fiye da guda. A ganina wannan ne ya sa gardamar dattawa ta fi ta matasa armashi: kowa da irin tasa, kuma babu alƙalin da zai raba.

Kundi irin na Turai, mai suna da hoto da shekarar fita, ya zo da mawaƙan zamani. A Nijar gasar Ɗan Gurmu, da aka fara a Tawa a shekarun 1980, ta fito da ƙungiyoyin kiɗa da yawa, Damagaram kuma tana da Super Haske. A 1994 Musa Pusi da Sa'adu Bori na Maraɗi suka fitar da Niamey Twice, wanda kamfanin Stern's na Landan ya rarraba. Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni ta biyo da Denké-Denké a 1999. Malam Maman Barka, ɗan Taskar a jihar Damagaram, wanda ya ceto kiɗan biram na bakin tafkin Cadi, ya fitar da nasa a Ingila a 2009, ya rasu a 2018. Abin takaici shi ne samun waɗannan faifai ya fi sauƙi a Paris a kan Zinder.

Matasan yau kuwa ƴan fim ɗin Kano ne suka raine su. Musunsu a kan Nura M Inuwa ne da Umar M Shareef da Ali Jita da Hamisu Breaker, wanda Jaruma ta ɗaga shi a 2020, sai Fati Nijar, ƴar Maraɗi, da ake alfahari da ita. Masu son zurfin magana suna tsayawa kan Aminu Ala. Ko a nan ma kundi yana ja da baya: waƙa ɗaya ce take fita, ta zagaya TikTok, a manta da ita kafin wata ya mutu.

Wa yake sayarwa yanzu

Shagon kaset ya koma rumfar cajin salula. Mai rumfar yana da kwamfuta cike da waƙoƙi da fina-finai da wa'azi. Ka ba shi katin memori, ka biya kuɗi kaɗan, ya cika maka. Daga nan waƙar ta bi Bluetooth ko Xender ko WhatsApp daga waya zuwa waya. To, ciniki bai mutu ba, ana biya. Amma wanda ake biya mai turawa ne, mawaƙin ko dala ba ta isa gare shi.

Bai kamata a ɗora wa salula laifin duka ba. Tun zamanin kaset satar fasaha ce ta fi yawa a kasuwa, kuma makaɗin Hausa bai taɓa dogara da sayar da faifai ba. Abincinsa yana wurin ubangida, da biki, da liƙi, yanzu kuma da ƴan siyasa, kamar yadda sha'anin Rarara ya nuna a Najeriya. Nijar tana da BNDA, ma'aikatar kare haƙƙin mawallafa da mawaƙa, tun shekarun 1990, amma karɓar haƙƙi daga gidan rediyo ko otel daban, bin kowace rumfa a kowace kasuwar ƙauye daban.

Wani lokaci kwafar ma takan yi rana. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Bai shiga shaguna ba, katin salula ne ya kai shi har Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji shi, ya sa waƙarsa cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya buga da sunan Music from Saharan Cellphones, ya kuma nemo mawaƙin don ya biya shi. Zuwa 2021 Mdou Moctar ya fitar da Afrique Victime a kamfanin Matador na Amurka. Waƙar da aka tura kyauta a Sahel, a can sayenta ake yi a kan babban faifai. Irin wannan sa'a ba kowa take samu ba, kuma ta fi faɗa wa masu jita na Abzinawa, irin su Bombino, a kan masu kalangu.

Abin da ke tafe

A duniya, sauraro ta intanet ne yake kawo kusan kashi 2 cikin 3 na kuɗin da kamfanonin faifai suke samu. Babban faifai ya farfaɗo a ƙasashen masu kuɗi: a Amurka, a 2022, an sayar da shi fiye da sidi, karon farko tun shekarun 1980. Kada wannan ya ruɗi kowa. Kayan ƙawa ne na mai wutar lantarki da ba ta yankewa, ba zai dawo kasuwar Matamaye ba.

YouTube da Audiomack da Boomplay su ne mafi kusa da mu, sai dai suna cin kuɗin haɗin intanet, kuma abin da mawaƙi yake samu daga talla ya danganta da ƙasar da mai sauraro yake. Hanyar da ta fi dacewa da halinmu ita ce masoyi ya aika wa mawaƙi kuɗi kai tsaye, ta Nita ko Amana ko Airtel Money. Liƙi ne dai, ta salula.

Akwai kuma abin da ya fi ciniki gaggawa. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da shekaru, rikodar da za ta kunna shi tana ƙara wuya a kasuwa. Makaɗan noma da na ƴan kokawa da zabiyoyin ƙasar Kance da Magarya, waɗanda babu kamfanin da ya taɓa ɗaukar su, muryarsu ba ta ko'ina sai cikin kaset ɗin da wani ya ɗauka a wurin biki ya jefa cikin akwati. Mayar da kaset zuwa kwamfuta ba ya buƙatar fiye da rikoda mai lafiya da igiyar sauti guda, kuma masu rumfunan caji suna da kwamfutar. Wanda zai kai nasa, ya rubuta sunan makaɗin da garin da shekarar a takarda ya haɗa, don fayil ɗin da ba shi da suna yakan ɓace cikin dubban waƙoƙin da ke kan na'urar.