BRT: Layin Manyan Motocin Bas Na Legas Da Unguwannin Da Ya Ratsa

BRT tsari ne na jigilar fasinja a cikin birni wanda ake ware wa manyan motocin bas layinsu na daban a kan titi, da tashoshi ƙayyadaddu, da biyan kuɗin mota kafin shiga. Manufarsa ita ce a samu saurin jirgin ƙasa da kuɗin da bai kai na shimfiɗa dogo ba.

An fara shi a birnin Kuritiba na ƙasar Brazil a shekarar 1974. Abin da ya fitar da sunan birnin ba motocin ba ne kaɗai, har da dokar gine-gine da aka haɗa da su: an ba da izinin gina dogayen benaye da shaguna a gefen layin, tsayin ginin kuma yana raguwa gwargwadon nisansa da hanya. Ta haka gari ya riƙa girma yana bin layin, fasinja kuma suna zaune kusa da tasha. Birnin Bogota na Kolombiya ya buɗe nasa a 2000, daga nan tsarin ya bazu a duniya.

A Najeriya, Legas ce ta fara. Hukumar sufuri ta LAMATA ta buɗe layin farko ranar 17 ga Maris, 2008, a zamanin Gwamna Babatunde Fashola. Tsawonsa kilomita 22 ne, daga Mile 12 ta titin Ikorodu, ya haura gadar Eko, ya ƙare a CMS a tsibirin Legas. Ba sabuwar hanya aka gina ba. An yanki wani ɓangare na titin da ke nan, aka raba shi da dakalin kankare a mafi yawan wurare, a wasu kuma da fenti kawai. Shi ya sa aka yi masa laƙabi da ƙaramin BRT, kuma kuɗin kowace kilomita ya tsaya a kan kimanin dala miliyan 1.7, abin da ya yi ƙasa sosai da na Bogota.

Babban aikin ba na siminti ba ne. Direbobin danfo da molue ne ke cin abinci a wannan hanya, kuma da sun yi turjiya da aikin bai tafi ba. Sai aka jawo ƙungiyarsu ta NURTW ciki, ta kafa ƙungiyar gama-kai, ta karɓi bashin banki ta sayi motoci 100 na farko. Dokar jihar ta hana sauran motoci hawa layin, ko da yake ba kowa ke kiyayewa ba. A 2012 gwamnan da kansa ya tare wani kanar na soja yana tuƙi a kai.

A 2015 aka miƙa layin zuwa garin Ikorodu, ƙarin kimanin kilomita 13.5, da tallafin Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Wannan karon an sa layin a tsakiyar titi, ana shiga tashoshi ta gadojin sama na masu tafiya a ƙafa, kamfanin Primero kuma ya karɓi gudanarwa. Layin Oshodi zuwa Abule Egba ya biyo baya a 2020. Yanzu da katin Cowry ake biya.

Ta fuskar raya gefen hanya ne Legas ta bambanta da Kuritiba. Can an tsara filaye tare da layin. Nan layin ya tarar da gari a cike. Don haka sauyin ya fi bayyana a ƙarshen hanya da kuma mahaɗai. Ikorodu, wadda ma'aikatan tsibiri ke ganin nisanta, ta ƙara jan masu neman haya mai sauƙi. A Oshodi an rushe kasuwar Owonifari a Janairun 2016, aka gina katafariyar tashar da aka ƙaddamar a 2019. Fasinja sun samu wurin jira mai tsari, amma 'yan kasuwar da aka tasa sun yi ta kokawa kan asarar kaya da wurin sana'a.

Mile 12, inda layin farko ya soma, 'yan Arewa sun san ta sarai, domin nan ne manyan motocin tumatir da albasa da tattasai ke sauke kaya. Bas yana wucewa a layinsa, amma lodi da sauke kaya a bakin kasuwa na ci gaba da toshe sauran hannayen titin. Layin bas ba ya magance wannan. Sai an tanadi wurin ajiye manyan motoci da hanyar masu tafiya a ƙafa.

Wasu biranen Afirka sun bi sahu. Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe nata a 2016, Dakar ta Senegal kuma a 2024, da motoci masu amfani da lantarki.