Tsofaffin Jiragen Yaƙi a Kano

Tsofaffin jiragen yaƙi su ne waɗanda aka daina aiki da su, ake ajiye su don tarihi ko kallo. Kano tana da tsohuwar alaƙa da su. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila suka sauka a garin daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Fukafukansu hawa biyu ne, an shimfiɗa yadi a kan katako. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Hausawa ke kira Yaƙin Hitila, jiragen Hurricane da Blenheim da ake harhaɗawa a Takoradi kan yada zango a Kano kan hanyarsu ta Alƙahira.

A 1967, farkon yaƙin basasar Najeriya, ta Kano aka shigo da jiragen MiG-17 daga Tarayyar Sobiyat. Jirgin MiG-17 ba shi da wuyar ganewa: hancinsa a buɗe yake kamar bakin tulu, fukafukan sun karkata baya. Akwai kuma L-39, jirgin koyon tuƙi na sansanin sojan sama da ke Kano.

Sansanin ba wurin yawon kallo ba ne, ɗaukar hoto a can neman rigima ne. Mai son ganin tsofaffin jiragen yaƙi ido da ido ya nufi Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia a Jihar Abiya, inda aka ajiye jiragen MiG-17 da Il-28.