Gona a fadama, gida a tudu: tarihin wata hanya a Amurka

Yau tarihinmu zai kai mu jihar Ilinoi ta Amurka, kudu da birnin Sen Luwis, a bakin kogin Misisipi.

Akwai wata ƴar siririyar kwalta da ake kira Bluff Road, wato hanyar gindin dutse. In ka ɗauko ta daga garin Kolombiya ka yi kudu, dogon dutsen farar ƙasa na hannunka na hagu, a dama kuma fadama ce shimfiɗe har bakin kogi, masara da waken soya da alkama iya ganinka. Mutanen birni kan bi ta da mota ranar hutu don kallo kawai. Amma kowane ƙauye da ke kan hanyar yana da labarinsa da ruwa.

Faransawa ne Turawan farko da suka zauna nan. Sun kafa sansanin soja na Fort de Chartres wajen 1720, da ƙauyen Prairie du Rocher a 1722. Kogi ya yi ta cin gaɓa har ya kusanto ganuwar sansanin, aka bar shi a 1772.

Daga shekarun 1830 sai ga Jamusawa, talakawan manoma da gona ta yi wa kaɗan a gida. Wasu kuma sun biyo baya da juyin juya halin 1848 ya ci tura. Sun sayi ƙasa da arha, suka sare daji, suka janye ruwan fadama. A 1852 wani mai suna Jacob Maeys ya kafa Maeystown cikin wani kwari, a jikin tudu. Gidajen dutse da cocin dutse da suka gina suna nan tsaye har gobe.

To, ba kowa ne ya tsaya a tudu ba. Da layin dogo ya ratsa fadamar a farkon ƙarni na 20, sai garin Valmeyer ya tashi a tsakiyarta. Ambaliya ta shige shi a shekarun 1940, gwamnati ta ja doguwar madatsa ta ƙasa. Shekara arba'in da ɗoriya ruwa bai shigo ba, har mutane suka saki jiki.

Ranar 1 ga Agusta 1993 madatsar ta ɓalle kusa da Kolombiya. Ruwa ya bi fadama ya mamaye Valmeyer, garin mutum kusan 900, wasu gidajen rufinsu kawai ake hange. Da ya doshi Prairie du Rocher, sai aka fasa wata madatsa da gangan don ya samu hanyar komawa kogi. Haka wannan ƙauye ya tsira.

Mutanen Valmeyer fa? Magajin garinsu, Dennis Knobloch, ya tara su aka kaɗa ƙuri'a, mafi rinjaye suka ce a tashi. Suka sayi gona mai kusan eka 500 a bisa dutsen, tazarar kilomita 3, suka sake gina makaranta da coci da gidaje, da taimakon gwamnati. Fadamar dai ana nomanta har yanzu. Kwana ne yawancin mutanen Valmeyer suka daina yi cikinta.

Ƴan Maraɗi, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenku. Tsohon garin a kwarin Gulbi yake. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da shi tudu, aka bar wa fadama noma da lambu. Kakanninmu sun riga mutanen Valmeyer yanke wannan shawara da kusan shekara 50.

Sai ga shi yau, daga Maraɗi har Yamai, ana yanka filaye ana gini a kan hanyar ruwa, don sun fi arha. A 2020 mun ga yadda kogin Isa ya karya madatsa ya shiga unguwannin Yamai. Madatsa tana jinkirta ruwa ne, ba ta sa ya manta da hanyarsa.

Kafin ka biya kuɗin fili, ka nemi tsohon unguwa ka tambaye shi: a shekarar da aka yi babban ruwa, ina ya tsaya? Allah ya kare mu, ya ba mu damina mai albarka.