Sharhin hoton mutum: yadda ake gyara da yadda ake karɓar gyara

Sharhin hoto shi ne mai ɗaukar hoto ya ajiye aikinsa a gaban malami ko abokin sana'a domin a nuna masa inda ya dace da inda ya kuskure. Idan hoton na mutum ne, lamarin yakan ƙara nauyi, domin akwai mutum na uku a maganar, wato wanda aka ɗauka, kuma sau da yawa ba ya wurin balle ya kare kansa. Wannan ya shafi masu hoto na Sabon Gari da Samaru da Shika, waɗanda abincinsu ke rataye da hoton fasfo, da na aure, da na bikin kammala karatu, da kuma fostar 'yan takara idan kakar zaɓe ta kama.

Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A shekarar 1958, wasu ɗaliban zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, wadda harabarta ta Samaru ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun kafa ƙungiyar da aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Masu zane ne, ba masu kyamara ba, amma tambayar da suka yi wa malamansu Turawa ta shafi kowane mai hoto: da wane ma'auni ake auna aikinmu, na Ingila ko na gida?

Tambayar ba ta tsufa ba. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton baturiya, da shi ake daidaita launi, kuma sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da baƙar mace. Saboda haka wanda ya dubi hoto ya ce "fuskar ta yi baƙi" bai faɗi komai ba tukuna. Ko dai haske ne bai isa fuskar ba, wanda laifin mai hoto ne kuma yana gyaruwa, ko kuma launin mai fuskar ne bai yi wa mai sharhin ba, wanda ba aikin kyamara ba ne. Hotunan Seydou Keïta na Bamako, waɗanda ya ɗauki akasarinsu da hasken rana a tsakar gida, sun isa shaida cewa baƙar fata na fita tas idan an san inda za a tsayar da mutum.

Malamin fasaha ɗan Amurka Terry Barrett, a littafinsa na 1990 kan sharhin hotuna, ya sa bayyana abin da ido ya gani a gaba da yanke hukunci. A aikace, mai sharhi zai fara da cewa inuwar hula ta rufe idanu, ko sandar lantarkin da ke baya ta zama kamar ta tsiro daga kan mutumin, sannan ya tambayi mai hoton abin da ya nufa. Hasken rana tsaka na Zariya ba ya raga wa fuska, don haka shawarar a koma ƙarƙashin inuwa ko a jira la'asar ta fi "ma sha Allah, ya yi kyau" amfani nesa ba kusa ba. Kunya ce ke sa mu yabon da ba ya ƙara wa kowa komai.

Mai karɓar gyara kuwa ya tuna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya saurara har a kai aya, ya tambayi abin da bai gane ba, ya kuma bambanta gyaran da mutum uku suka maimaita da son ran mutum guda. Ba dole ne ya ɗauki duka ba.

Inda aka fi samun saɓani shi ne gyaran kwamfuta. Ɗan takara yakan buƙaci a haskaka masa fata, a share tamoji, wani lokaci har da tsagen gado, ta yadda mai zaɓe zai ga fosta a bangon kasuwar Sabon Gari bai gane mutumin da ya sani ba. Abokin sana'a na gari zai faɗa wa mai hoton cewa ya wuce gona da iri, ko da mai biyan kuɗin ya ji daɗi. Haka nan, kafin a tura hoton amarya ko na ɗaliba zuwa zauren WhatsApp don neman ra'ayi, sai an nemi izininta, domin a nan ne sharhi yakan bar haske da tsari ya koma kan hanci da kwalliyar wadda ba ta nemi ra'ayin kowa ba.