Tayar da Aka Sabunta, a Ma'aunin Tarihi da na Fiƙihu

Duk wanda ya san Limancin Kona, unguwar nan ta cikin ganuwar Zariya wadda ta yi suna da karatu, wadda kuma Limaminta yake cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau, ya san cewa magabata ba su bar lungunanta domin mota ba, sai domin mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Amma yau babu gida a cikinta da ba ya ɗora rayukan mutanensa bisa ƙafafun roba, ko ɗalibin da zai koma garinsu bayan ya sauke littafi, ko majinyacin da za a kai asibitin Shika, ko ɗan kasuwar da ya yi sammako zuwa Kano. Saboda haka tayar da ta suɗe aka sake yi mata baya, ko amintacciya ce, ko kuwa arhar da ke cikinta ruɗi ce, mas'ala ce da ta cancanci bahasi kamar sauran mas'alolin mu'amala.

Asalin abin daga nesa ya zo. A 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa idan aka dafa roba da farar wuta sai ta yi ƙarfi, ta daina narkewa da zafi; a 1888 kuma John Dunlop, likitan dabbobi a birnin Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kuma shi ne ya jawo mota a bayansa, domin auduga da gyaɗar da ake nomawa nesa da layin dogo sai an kawo su tasha, a kan hanyoyin burji masu gargada waɗanda ke cinye taya tun kafin mai mota ya mai da kuɗinsa.

Lokacin da Japan ta mamaye Malaya da maƙwabtanta a 1942, ta kama mafi yawan gonakin robar da duniya ke dogara da su, taya ta yi wuya a ko'ina, kuma a cikin wannan tsanani ne mutane suka fahimci abin da masu sana'a suka riga suka sani, wato cewa taya abu biyu ce, akwai gangar jiki wadda aka saƙa da zare ko waya, wadda ita ke ɗaukar nauyi, akwai kuma bayan da ke taɓa ƙasa, wanda shi ke suɗewa, alhali kuwa gangar tana iya zama lafiya lau. A Nijeriya, attajirin Ijebu-Ode, Timothy Adeola Odutola, ya yi fice wajen mai da aikin sabunta taya masana'anta a shekarun 1950, yana da ma'aikatu a Ibadan da Onitsha da Kano. Aikin na ƙwarai kuwa yana da sharuɗɗa: a duba gangar ciki da waje, a ƙi duk wadda ta tsage ko wayarta ta yi tsatsa, a kankare ragowar tsohon baya da inji, a toshe hujin ƙusa, sa'an nan a shimfiɗa sabuwar roba a dafa ta da zafi da matsi har ta zama jiki ɗaya da gangar. Tamkar baduku ne da ke sake wa takalmi ƙasa bayan ya tabbata fatar sama ba ta ruɓe ba. Har yau haka ake yi wa tayoyin jiragen sama da na manyan motoci a Turai da Amurka, ba sau ɗaya ba, kuma babu wanda ke ganin aibi a ciki. Sai dai dokar Amurka ta hana sa tayar da aka sabunta a gaban bas mai ɗaukar fasinja.

Mu kuma a nan, wadda ta wuce gyara ba a yar da ita: akan yanka takalmi daga bayanta, a ɗinka guga da tub ɗinta, har gugar fata ta yi ƙaranci a bakin rijiyoyin birni.

Bayan samun 'yancin kai kamfanin Michelin ya kafa ma'aikata a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja, sabuwar taya ta wadata. Daga 1986, da darajar naira ta faɗi, talaka ya koma ga gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya bi shi a 2008. Dokar kwastan ta hana shigo da tsofaffin tayoyi da waɗanda aka sabunta, in ban da na manyan motoci da za a sabunta a cikin gida, amma wanda ya zaga Sabon Gari ko Kwangila ya ga abin da ke jibge a bakin hanya ya san nisan da ke tsakanin doka da aiki da ita. Mafi muni shi ne abin da wasu ke yi, su ɗauki tayar da ta yi sanƙo su sake yanka mata zane da wuƙa, su shafa mata baƙi ta yi ƙyalli, alhali ba su ƙara mata kome ba, ragewa suka yi daga ɗan naman da ya saura tsakanin waya da kwalta. Wannan shi ya ɓata sunan sana'ar gaskiya.

A nan ne karatun zaurukan Kona yake da abin cewa. Ɗalibin da ya kai babin ciniki a Risala ko Muhtasar ya san cewa sayar da tsohon abu halal ne, gyara shi ma abin yabo ne tun da an hana almubazzaranci, amma ɓoye aibi algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mai da kaya idan aibin ya bayyana. Sai dai aibin taya yakan bayyana ne a tsakiyar gudu, cikin zafin bazara, da lodi fiye da kima da ƙarancin iska, a sa'ar da babu sauran damar mayarwa. Fuƙaha'u kuwa sun gabatar da kiyaye rai a kan kiyaye dukiya.

Abin da nake gani shi ne, tayar babbar mota, wadda tun asali aka yi gangarta mai kauri domin a sabunta ta, idan ta fito daga ma'aikatar da aka sani, aka sa ta a baya, aka kula da iskarta, to amintacciya ce kuma akwai fa'ida a cikinta. Ta ƙaramar mota kuwa gangarta siririya ce, rai ɗaya aka yi mata, kuma ragin da za a samu bai kai a jefa iyali cikin garari ba. Ya ɗan'uwa, kafin ka biya, ka duba lambobi huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ka tambayi mai faci ya faɗa maka gaskiya tsakaninsa da Allah, kuma wadda aka yi wa zane da wuƙa kada ka karɓa ko da kyauta ce.