Daga Bican zuwa Ronaldo: Yadda ake auna gwanayen cin ƙwallo na zamuna daban-daban

A watan Satumban 2024 ne Cristiano Ronaldo ya ci ƙwallonsa ta 900 a wasannin da hukumomi suka amince da su, lokacin da Portugal ta kara da Croatia. Shekara biyu da rabi kafin nan, a watan Maris na 2022, ya ci Tottenham ƙwallo uku rigis a Old Trafford, ya wuce ƙwallo 805 da hukumar FIFA ke lissafa wa Josef Bican. Duk da haka muhawarar wanda ya fi kowa iya cin ƙwallo ba ta mutu ba, domin jimillar ƙwallaye takan ɓoye abubuwa huɗu: waɗanne wasanni aka ƙirga, wasa nawa ɗan wasa ya buga, wace doka ce ke aiki a zamaninsa, kuma wa ya rubuta sakamakon.

Waɗanne ƙwallaye ake ƙirgawa?

Pele na Brazil ya yi bikin ƙwallonsa ta 1,000 ranar 19 ga Nuwamban 1969 a filin Maracana, da bugun fanareti a ragar Vasco da Gama. Jimillar da aka fi danganta masa ita ce 1,283, amma masu bin diddigin alƙaluma kan tsaya a kan 750 da ɗoriya, saboda sauran ya ci su ne a wasannin sada zumunta da na rangadi.

Magoya bayansa suna da hujja. A shekarun 1960 ƙungiyarsa ta Santos tana zagaya duniya don samun kuɗi, tana karawa da manyan ƙungiyoyin Turai da tawagogin ƙasashe, har Legas ta zo a farkon 1969, kuma ba a ɗaukar waɗannan wasanni da sakaci. Shi ya sa a watan Disamban 2020, da Lionel Messi ya wuce ƙwallo 643 da Pele ya ci wa ƙungiya guda, Santos ta fito ta ce ƙwallo 1,091 ɗan wasan nata ya ci mata. Messi ya bar Barcelona da ƙwallo 672.

Shi ma Bican, haifaffen birnin Vienna da ya yi fice a Slavia Prague, akwai saɓani a kansa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Czech ta ce 821 ya ci. Ban da haka, da yawa daga ƙwallayensa sun zo ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gasannin Turai suka raunana. Romario na Brazil kuwa ya yi bikin ƙwallo ta 1,000 a 2007 bisa lissafin kansa, wanda ya haɗa da wasannin ƙuruciya da na sada zumunta.

Yawan wasanni

Ɗan wasan yau ya fi na jiya samun damar tsayawa gaban raga. A shekarun da suka biyo bayan fara gasar zakarun Turai a 1955, zakarun ƙasashe kusan kaɗai ke shiga, kuma wanda aka doke ya fita ke nan. Wasa bakwai Real Madrid ta buga ta ɗauki kofin farko. A tsarin da aka fara a 2024, kowace ƙungiya tana buga wasa takwas tun a zagayen farko. Alfredo Di Stefano ya ci ƙwallo 49 a wasa 58 na wannan gasa, Ronaldo kuma ya ci 140 a wasa 183. A jimilla Ronaldo ya ninka shi kusan sau uku, amma idan aka raba ƙwallaye da yawan wasanni, Di Stefano ne ke ɗan gaba.

Haka lamarin yake a wasannin ƙasashe. Ferenc Puskas ya ci wa Hungary ƙwallo 84 a wasa 85. Gerd Muller ya ci wa Jamus ta Yamma 68 a wasa 62, wato ƙwallayensa sun fi wasanninsa yawa. Ronaldo, wanda ya karɓe tarihin duniya na maza daga hannun Ali Daei na Iran a Satumban 2021, ya buga wa Portugal wasa sama da 200. Tsawon rai a fili shi ma bajinta ce, amma bajinta ce daban da ta Muller.

A gasar cin kofin duniya, Just Fontaine na Faransa ya ci ƙwallo 13 a wasa shida a Sweden a 1958. Miroslav Klose na Jamus ya kai 16 a 2014, bayan ya halarci gasa huɗu. A ɓangaren mata, Marta ta Brazil ta ci 17 a gasar kofin duniya, Christine Sinclair ta Kanada kuma ta yi ritaya da ƙwallo 190 a wasannin ƙasa da ƙasa.

Dokoki da salon wasa

A 1925 aka sassauta dokar satar gida, aka rage yawan abokan hamayyar da dole su kasance tsakanin ɗan wasan gaba da layin raga daga uku zuwa biyu. Nan take ƙwallayen babbar gasar Ingila suka tashi daga 1,192 a kakar 1924/25 zuwa 1,703 a kakar da ta biyo. A cikin wannan yanayi ne Dixie Dean na Everton ya ci 60 a kakar 1927/28, kafin masu horarwa su gama gano yadda za su toshe gida. Ƙwallo 36 da Erling Haaland ya ci a kakar 2022/23 tarihi ne na gasar Firimiya da aka fara a 1992, amma na Dean yana nan daram a babbar gasar ƙasar.

Gasar kofin duniya ta 1954 ta samar da ƙwallo 140 a wasa 26, fiye da biyar a kowane wasa. Ta 1990 a Italiya ta samar da 115 a wasa 52, biyu da 'yan kai ke nan. Wannan ƙamfa ce ta sa a 1992 aka hana mai tsaron raga kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Wanda ya yi wasa a Italiya a shekarun 1980, lokacin da tsaron gida ya yi tsauri, ya fuskanci wata duniya dabam: da ƙwallo 15 kacal Diego Maradona ya zama gwarzon masu cin ƙwallo na Serie A a kakar 1987/88. A 2015/16 Gonzalo Higuain ya ci 36 a wannan gasa, kodayake an ƙara yawan wasannin kaka daga 30 zuwa 38.

Mutanen da kuma suna da nasu ƙorafin. Sun buga da ƙwallon fata mai shan ruwa ta yi nauyi, a filaye masu taɓo. Sai a 1970 aka fara amfani da katin gargaɗi da jan kati da kuma sauya 'yan wasa a gasar kofin duniya. A 1966 'yan baya sun yi wa Pele ƙeta har ya fice daga gasar yana ɗingishi. Ɗan wasan yau yana da kariyar alƙali da na'urar VAR da likitoci, amma yana karawa da 'yan bayan da suka fi na da gudu da horo, waɗanda ke nazarin motsinsa a bidiyo kafin wasa.

Wa ya rubuta?

A nan ne Afirka ta fi yin asara. A 2012 Messi ya ci ƙwallo 91 daga Janairu zuwa Disamba, ya goge tarihin 85 da Muller ya kafa a 1972. Sai hukumar ƙwallon ƙafa ta Zambiya ta ce Godfrey Chitalu ya ci 107 a wannan shekara ta 1972. FIFA ta amsa cewa ba ta ajiye alƙaluman gasannin cikin gida na ƙasashe, don haka ba za ta iya tabbatar da ko ɗaya ba. Chitalu ya rasu a 1993 a hatsarin jirgin saman da ya hallaka tawagar Zambiya a gaɓar tekun Gabon, yana matsayin mai horar da ita. Ƙwallayen Messi duk suna cikin bidiyo, na Chitalu kuwa sai an tono tsofaffin jaridu.

Inda aka adana bayanai, 'yan Afirka sun fito fili. Ndaye Mulamba na Zaire ya ci ƙwallo tara a gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 1974 a Masar. Samuel Eto'o na Kamaru ya ci 18 a tarihin gasar, Laurent Pokou na Ivory Coast 14, Rashidi Yekini 13. Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, ciki har da ƙwallon ƙasar ta farko a gasar kofin duniya, a ragar Bulgaria a 1994. Victor Osimhen ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa cin ƙwallo a Serie A, da ƙwallo 26 a kakar 2022/23.

A gasar cikin gida, Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/10. Jude Aneke na Kaduna United ya wuce shi da 20 a kakar da ta biyo, sannan Mfon Udoh na Enyimba ya kai 23 a 2014. Musa ne kuma ya ci wa Najeriya ƙwallo huɗu a kofin duniya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Waɗannan alƙaluma sun tsira ne saboda an rubuta su. Gwanayen da suka taka leda a filayen Kano da Jos da Ibadan da Enugu shekaru da dama kafin nan, yawancin ƙwallayensu a bakin dattawa kawai suka rage.

Ma'aunin da ya fi kusa da adalci

Masu nazari kan haɗa ma'auni uku. Na farko jimillar ƙwallaye a wasannin gasa, inda Ronaldo da Messi ke kan gaba. Na biyu ƙwallo nawa a kowane wasa, inda Bican da Puskas da Muller da Pele ke haskawa. Na uku tazarar da ɗan wasa ya ba takwarorinsa na kaka guda a gasa guda, wanda shi ne ke nuna darajar ƙwallo 15 na Maradona. Kowane ma'auni yana fitar da gwarzonsa, don haka kafin a karɓi kowace lamba ya kamata a tambayi wane ma'auni aka yi amfani da shi, kuma daga wane kundi aka ɗauko ta.